Bayan an cire turmin ƙarshe: yadda baki ke warkewa a gida

Cire haƙori ba ya ɗaukar dogon lokaci. Turmin ƙarshe da ya fito sosai, likita na iya cire shi cikin 'yan mintoci. Wanda ya maƙale a ƙashi kuwa yakan ci minti 20 zuwa 40, wani lokaci ma fiye. Warkewa ce ke ɗaukar makonni, kuma a gida take faruwa, inda babu likita a kusa. Akan sallami mutum da auduga a baki da jerin hane-hane: kada ka kurkure, kada ka tofa miyau, kada ka sha abu mai zafi, kada ka taɓa sigari. Da yawa sukan ɗauke su dokoki barkatai, su kiyaye wasu, su mance wasu. Alhali kusan dukkansu abu guda suke karewa, wato gudan jinin da ya daskare a gurbin haƙorin.

Me ya sa ake cire shi tun farko

Babban mutum na da haƙora 32 idan sun cika. A kowane ɓangare, sama da ƙasa, akwai turame uku. Na farko yakan fito wajen shekara 6, na biyu wajen shekara 12, na uku kuma, wanda wasu ke kira haƙorin hankali, yakan fito tsakanin shekara 17 da 25. Da yake shi ne auta, sai ya tarar 'yan'uwansa sun riga sun kama wuri. Idan muƙamuƙi na da tsawo, ya sami gurbinsa lafiya lau. Idan babu fili, sai ya karkace, ya jingina da maƙwabcinsa, ko ya kwanta cikin ƙashi, ko ya leƙo rabi ya tsaya.

Masana na danganta ƙarancin filin da sauyin abinci. Ƙashin muƙamuƙi yana girma ne gwargwadon aikin tauna da ya sha tun ƙuruciya. A 2011 wata masaniyar tarihin halittar ɗan Adam, Noreen von Cramon-Taubadel, ta auna muƙamuƙan al'ummomi 11 daga sassan duniya, ta ga cewa na masu rayuwa da farauta da tsintar 'ya'yan itace sun fi na manoma tsawo. Abinci dafaffe mai laushi ya rage wa muƙamuƙi aiki, amma girman haƙora bai ragu daidai da haka ba. Wani nazari da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama a 2016 ya ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 4 na da aƙalla turmin ƙarshe guda da ya maƙale. Akwai kuma waɗanda, fiye da 1 cikin 5, aka halicce su babu ɗaya ko fiye daga cikin huɗun.

Maƙalewa kaɗai ba ta wajabta cirewa. Matsalar takan taso ne idan haƙorin ya leƙo rabi, dasashi ya lulluɓe sauran. Ƙarƙashin wannan lulluɓi abinci ke taruwa, buroshi ba ya kaiwa, sai wurin ya kumbura ya yi mugunya, ya lafa, ya sake tashi. Ko kuma haƙorin ya ruɓe, ko ya ruɓar da turmi na biyu da ya jingina da shi. A Amurka an saba cire su tun suna lafiya, don rigakafi. A Ingila kuwa, tun shekarar 2000 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta ba da shawarar a daina cire waɗanda ba su da wata cuta. A ƙasashenmu galibi ciwo ne ke kai mutum wurin likitan haƙori, don haka sau da yawa akan cire haƙorin ne daga wurin da ya riga ya sha kumburi. Wannan na sa kula a gida ta ƙara muhimmanci.

Abin da ke faruwa a cikin gurbin

Haƙori a cikin rami yake zaune a ƙashi, wasu siraran zaruruwa na riƙe da shi ta ko'ina. Da an cire shi, ƙananan jijiyoyin jini sun tsinke, ramin ya cika da jini. Nan take jiki ya soma aiki. Jijiyoyin su tsuke bakinsu. Wasu ƙananan ƙwayoyin jini masu manne wa juna, waɗanda ake kira filatilet, su taru a bakin raunin. Sannan wani sinadari mai suna fibirin ya saƙa zaruruwa a kansu ya kama sauran ƙwayoyin jini. Cikin mintoci jini mai gudu ya zama guda mai kauri, ja mai duhu.

Aiki uku gudan nan ke yi. Yana tsayar da zubar jini. Yana rufe ƙashi da bakin jijiyoyin da ke jin zafi, ya raba su da iska da miyau da abinci. Shi ne kuma matattakalar da sabon nama ke bi ya cike ramin, domin sababbin jijiyoyin jini ta cikinsa suke ratsowa daga bango da ƙasan gurbin. Cikin mako guda, sabon nama mai laushi ya soma maye gurbinsa. Dasashi yakan haɗe bakin ramin cikin mako 2 zuwa 4. Ƙashi kuwa ba ya gaggawa: yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya cike wurin ya yi ƙwari.

A yinin farko gudan jinin nan kamar ɗanyen daɓe yake, abu kaɗan ke lalata shi. Bayan kwana 3 zuwa 4 ya kama bango, haɗarin ya ragu sosai. Daga nan ake gane dalilin kowane hani.

Yinin farko

Audugar da likita ya sa, cizonta ake yi da ɗan ƙarfi har wajen minti 30, ba tare da yawan magana ko cirewa a duba ba. Matsi ne ke ba jinin damar daskarewa, kuma duk cirewa na iya tafiya da abin da ya soma kamawa. Bayan haka jini zai ci gaba da ɗan tsattsafowa har kwana guda. Ɗigon jini kaɗan idan ya gauraya da miyau mai yawa sai ya ga kamar baki ya cika da jini, shi ke tsorata mutane. A haɗiye miyan, babu illa. Tofarwa da ƙarfi, da zuƙar abu, da kurkura, duk suna haifar da ja ko turi a cikin baki wanda ke iya girgiza gudan. Idan jinin ya dawo sosai, a naɗe sabuwar auduga ko tsabtataccen hankici, a ɗan jiƙa shi, a ɗora a kan ramin daidai, a ciza minti 20 zuwa 30 ana zaune, kai a sama. Ƙunshin ganyen shayi da aka jiƙa da ruwan sanyi ma yana aiki, saboda sinadarin tanin da ke cikinsa yana taimaka wa jini ya daskare.

Allurar kashe zafi takan ɗauki sa'o'i kafin ta saki. A wannan tsakani leɓe da harshe da kunci ba sa ji, mutum na iya cizon kansa ko ya ƙone da shayi bai sani ba. Wannan dalili ɗaya ne na hana abu mai zafi. Na biyu, zafi na buɗe jijiyoyin jini, ya tayar da zubar da ta tsaya. Haka aikin ƙarfi, da ɗaukar kaya, da wasan ƙwallo, duk suna ƙara bugun jini. Da dare a ƙara matashi don kai ya ɗan ɗaga. Wanda aka yi wa allurar sa maye ko ta barci kada ya tuƙa mota ko babur, kada ya taɓa inji, har sai aƙalla kwana guda ya wuce, ko biyu idan barcin gaba ɗaya aka sa shi.

Ga Musulmi akwai batun alwala, wadda ke kawo kurkurar baki sau da yawa a yini. A mazhabar Malikiyya kurkurar baki na cikin sunnonin alwala, ba ta cikin farillai, don haka barinta na yini guda saboda lalura ba ya ɓata alwala. Daga rana ta biyu ana iya sa ruwan a baki, a karkata kai a hankali, a buɗe baki ya zubo da kansa. Wasu kan ji wurin na bugawa lokacin sujada a kwanakin farko, saboda jini ya taru a kai. Yakan lafa da an ɗago. Wanda cirewarsa ba ta gaggawa ba ce kuma, ya fi masa sauƙi ya tsara ta a wajen watan azumi, don jinyar na son yawan shan ruwa da magani a kan lokaci.

Kumburi da ƙagewar baki

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne su wayi gari a rana ta biyu ko ta uku su ga kuncinsu ya fi na ranar farko girma. Ba alamar lalacewa ba ce. Idan aka yanka nama ko aka sassaƙi ƙashi, jiki na buɗe jijiyoyin wurin don fararen ƙwayoyin jini da ruwan jiki su kwararo su share abin da ya mutu, su yaƙi ƙwayoyin cuta. Taruwar wannan ruwa ita ce kumburi, kuma takan kai ƙololuwa tsakanin awa 48 da 72, sannan ta soma saɓewa. Cikin mako guda yawancinta ta tafi.

Sanyi na rage ta idan aka yi da wuri. A naɗe ƙanƙara ko daskararriyar ledar ruwa cikin tawul, a ɗora a kunci minti 15 zuwa 20, a ɗauke na tsawon haka, a maimaita, a yini ɗaya ko biyu na farko. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye. Bayan kwana biyu sanyi ya gama amfaninsa, sai a koma ga tsumma mai ɗumi, wanda ke taimaka wa jiki ya kwashe ruwan da ya taru.

Ƙagewar muƙamuƙi ma daga nan take. Naman da ke motsa baki wajen tauna yana dab da turmin ƙarshe na ƙasa, ga shi an bar baki a wangame na dogon lokaci. Sai ya sandare, cokali ma ya shiga da ƙyar. Yakan saki cikin kwana 7 zuwa 10, kuma buɗewa da rufewa a hankali tare da gashi mai ɗumi na gaggauta shi. Wasu kan ga fatar kunci ko wuya ta sauya launi saboda jinin da ya kwanta a ƙarƙashinta. Wannan ma yana bajewa da kansa.

Magani

Magunguna biyu da kowa ya sani su ne ginshiƙi: farasitamol da ibuprofen. Hanyar aikinsu ta bambanta. Ibuprofen na rage sinadaran da ke hura kumburi da zafi a wurin raunin, farasitamol kuma galibi a ƙwaƙwalwa da laka yake rage jin zafin. Shi ya sa haɗa su ya fi kowannensu shi kaɗai. An gwada wannan sosai a kan waɗanda aka cire wa turmin ƙarshe, har a 2024 ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta fitar da ƙa'idar cewa da irin su za a fara, kafin a yi tunanin masu sa maye irin su kodin da tiramadol. Ya fi kyau a sha na farko kafin allura ta gama saki, domin tare ciwo ya fi kwantar da shi sauƙi.

Kowanne na da iyakarsa. Babban mutum kada ya wuce giram 4 na farasitamol a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, saboda wuce haka na lalata hanta. Abin lura shi ne yawancin magungunan mura da na ciwon jiki da ake saye a kemis akwai farasitamol a cikinsu, mutum na iya ninka shi bai sani ba. Ibuprofen kuma a sha shi bayan an ci wani abu. Bai dace da mai gyambon ciki ba, ko mai ciwon ƙoda, ko mai juna biyu, ko wasu masu asma, sai da izinin likita. Asfirin na hana filatilet mannewa, don haka ba shi ne maganin ciwo a wannan hali ba. Amma wanda likita ya ɗora a kansa ko a kan wani maganin tsinka jini saboda ciwon zuciya, kada ya daina da kansa. Ya faɗa wa likitan haƙori tun kafin a taɓa shi.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su amoksisilin da Flagyl, ba kowa ke buƙatarsa ba, kuma ba ya rage ciwo. Idan likita ya rubuta, a sha yadda ya ce. Idan bai rubuta ba, ba mantuwa ya yi ba.

Ci da tsabta

Abincinmu na da yalwar abin da ya dace da mai wannan jinya: kunu da koko da suka huce, fura da nono da aka dama ta yi laushi, tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa mara yaji, dafaffen ƙwai, ayaba, dankalin da aka murƙushe, romo mai ɗumi. A tauna ta ɗaya ɓangaren. Abin gudu shi ne mai tauri da mai ɓarɓashi da ke shigewa rami: goro, gyaɗa, aya, riɗi, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara, rake, kilishi da tsire. Yaji da lemon tsami kuma suna sa raɗaɗi. A sha ruwa sosai, a kurɓa daga kofi, ba tare da zuƙa ba. Ƙin ci saboda tsoro na jinkirta warkewa, don jiki da abinci yake gina sabon nama.

Daga rana ta biyu tsabta ke karɓar ragama, domin ƙwayoyin cutar baki ma suna iya narkar da gudan jinin. A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwa mai ɗumi, a riƙa wanke baki da shi a hankali bayan kowane cin abinci da kafin barci, har mako guda. Idan likita ya ba da ruwan wanke baki mai sinadarin kuloheksidin, bincike ya nuna yana rage yiwuwar lalacewar gudan. Sauran haƙora a ci gaba da goge su da buroshi ko asuwaki, a dai kauce wa ramin na 'yan kwanaki. Kada a sa tsinken sakace, ko yatsa, ko a riƙa lasar wurin da harshe.

Wajen kwana na huɗu ko na biyar mutum kan duba madubi ya ga wani abu fari-fari ko ruwan toka a bakin ramin, ya zaci mugunya ce ko guntun abinci, ya nemi ƙwaƙule shi. Sau da yawa sabon naman ne da fibirin da miyau ya wanke wa launi. Muddin ciwo na raguwa, a bar shi. Idan an yi ɗinki, yawancin zaren yanzu mai narkewa ne, yakan faɗi da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ba ya narkewa likita zai sa ranar cire shi.

Busasshen gurbi

Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa bayan cire turmin ƙarshe. Gudan jinin ya fita ko ya narke kafin sabon nama ya karɓe shi, sai ƙashi ya zauna a fili. A cire haƙori na yau da kullum mutum kaɗan ne cikin 100 ke samunta, amma a turmin ƙasa da ya maƙale wasu nazarce-nazarce sun sami har kusan kashi 30 cikin 100. Ta fi aukuwa a ƙasa saboda ƙashin can ya fi tauri, jini kuma bai wadace shi kamar na sama ba.

Alamarta a bayyane take. Mutum ya soma samun sauƙi, sai tsakanin kwana na 2 da na 5 ciwo ya dawo ya fi na da, mai zogi, yana harbawa har kunne da gefen kai, maganin da ke aiki jiya ya kasa. Baki ya yi wari da ɗanɗano mara daɗi, ramin kuma ya zama wayam. Sigari na kan gaba cikin abubuwan da ke jawo ta: zuƙa na jan gudan, nikotin na tsuke jijiyoyin da ke ciyar da wurin, hayaƙi mai zafi na bi ta kan rauni. Shisha ma haka. Kwana uku shi ne mafi ƙarancin haƙuri, mako guda ya fi. Matan da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa ma sun fi fuskantarta, saboda sinadarin istirojin na ƙara saurin narkewar gudan jini.

Duk da azabarta, ba ta da wuyar magani. Likita zai wanke ramin, ya cusa wani magani da ke rufe ƙashin, sauƙi ya zo cikin sa'o'i. Abin da ke kwantar da zogin a irin wannan magani galibi sinadari ne da ake samu daga man kanumfari. Wannan bai sa cusa kanumfari ko mansa a rauni a gida ya zama daidai ba, domin mai ƙarfinsa na ƙona dasashi.

Lokacin da ba a jira

Akwai alamun da ke nuna a koma asibiti ba tare da ɓata lokaci ba: jinin da ya ƙi tsayawa bayan an ciza auduga sau biyu ko uku, zazzaɓi, mugunya, ko kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana na uku maimakon raguwa. Mafi haɗari shi ne kumburin da ya gangaro ƙarƙashin haɓa da wuya, harshe ya ɗaga, haɗiya ko numfashi ya yi wuya. Wani likitan Jamus, Wilhelm von Ludwig, ya siffanta wannan cuta tun 1836, kuma har yau tana kisa idan aka yi jinkiri, don tana toshe hanyar iska. Ko tsakar dare ne a tafi.

Saiwar turmin ƙasa na kusa da jijiyoyi biyu, ɗaya mai kai ji ga leɓen ƙasa da haɓa, ɗaya ga gefen harshe. Idan an taɓa su, wurin na iya zama a mace bayan allura ta saki. Mafi yawa yakan dawo cikin makonni ko watanni, wanda ke dawwama bai kai 1 cikin 100 ba, amma a sanar da likita idan ya wuce kwana guda. Saiwar na sama kuma na dab da wani kogon iska da ke cikin ƙashin kunci, mai haɗe da hanci. Idan likita ya ce kada a fyace majina da ƙarfi, a yi atishawa baki buɗe, kogon nan yake karewa.

Masu ciwon suga rauninsu na jinkirin warkewa idan sugan bai daidaita ba. Masu sikila kuma ƙarancin ruwa a jiki da zazzaɓi na iya tayar musu da ciwo, don haka su ne suka fi buƙatar shan ruwa da saurin komawa asibiti.

Idan aka duba duka wannan, abin da ke hannun mai jinya kaɗan ne, amma shi ke yanke hukunci: ya bar ramin ya huta a yinin farko, ya tsabtace shi a hankali daga na biyu, ya ajiye sigari, ya bar haɗa wa kansa magunguna. Ma'aunin da ya fi dacewa ya riƙe kuwa shi ne alƙiblar ciwon. Daga kwana na uku, kowace safiya ya kamata ta fi ta jiya sauƙi, ko da kaɗan ne. Ranar da lissafin ya juya, likitan da ya cire haƙorin shi ne wanda za a nema.